Wani ɗan ƙwaro mai ƙugun zanzaro ya cika mini taga: mene ne shi, kuma yana harbi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin ƙwari ku taimaka mini. Yau kwana goma ke nan kullum da safe nake tarar da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari a jikin gilashin tagar kicin, ta ciki. Ranar farko ba su fi uku ba, jiya kuwa na ƙirga 17. Baƙaƙe ne, da ƙyar in sun kai rabin ƙwayar shinkafa. Suna da fiffike amma ba su cika tashi ba, tafiya suke ta yi a gilashin, in na kai yatsa sai su yi tsalle kamar ƙuma. Da na ɗauki hoto na ja shi, sai na ga ƙugunsu a tsuke kamar na zanzaro. Ba su ciji kowa ba tukuna, amma akwai yara ƙanana a gidan, hankalina bai kwanta ba. Mene ne wannan ƙwaro? Yana harbi? In saya maganin feshi ne, ko akwai abin da ya fi?

Amsa ta ɗaya:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin komai ki dakata da feshin, domin in kika kashe su duka kin ɓatar da shaidar da za ta nuna miki inda matsalar take. Yadda kika siffanta shi ya yi kama da ƙananan dangin zanzaro waɗanda ke saka ƙwai a jikin wasu ƙwari, tsutsarsu ta cinye mai masaukin ta fito. Amma akwai ƙwari uku da ake yawan rikita su da shi a cikin gida, sai an fara cire su.

Ki fara da fukafukai. Ƙuda da duk danginsa biyu kawai gare su, a bayansu kuma akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kama da kan ashana. Zanzaro huɗu gare shi, na gaba manya, na baya ƙanana. Wahalar ita ce na bayan suna maƙale da na gaban da wasu 'yan ƙugiyoyi, shi ya sa a ido sai ki ga kamar biyu ne. In ƙwaron ya mutu, ki ɗaga fiffiken gaba da bakin allura, za ki ga ƙaramin a ƙasa.

Sai eriyar da ke kansa. 'Yan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa eriyarsu gajeruwa ce ƙwarai, yawancinsu idonsu ja ne, jikinsu ɗan dunƙule. Baƙaƙen 'yan ƙudajen da ke fitowa daga jiƙaƙƙiyar ƙasar tukunyar fure suna da doguwar eriya da dogayen ƙafafu kamar sauro, amma ba su da tsukakken ƙugu. Tururuwa mai fiffike ita ce ta fi ruɗarwa, don ita ma ƙugunta a tsuke yake, eriyarta kuma a lanƙwashe. Abin da zai raba miki gardama shi ne ƙugun kansa: na tururuwa yana da ƙullutu ɗaya ko biyu a tsaye tsakanin ƙirji da ciki, kamar an sa dutsen carbi a zare. Shinge kuwa ba shi da ƙugu ma sam, fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, kuma sun zarce jikinsa da nisa.

Yadda za ki kama shi ba tare da kin murƙushe shi ba: ki kifa ƙaramin kofin gilashi a kansa a jikin tagar, ki zura takarda mai kauri ta ƙasa, ki juye shi cikin kwalba mai murfi. Ki kama biyar ko shida, domin namiji da mace sukan bambanta. Ki sa kwalbar a firiza ta kwana. Da safe ki juye su a farar takarda, ki ajiye rula a gefe, ɓangaren milimita. Hoto huɗu muke buƙata: ta sama, ta gefe, fuska, da fiffike a shimfiɗe. Kada ki kunna fitilar waya, tana wanke launi. Ki tsaya kusa da taga, ki ɗora hannunki a kan tebur don kada ya yi rawa. In kina da gilashin ƙara girma mai ninki 10, ki manna shi a idon kyamarar, zai fi jan hoto da yatsa nesa ba kusa ba.

Amsa ta biyu:

Baƙin zanzaro a kicin, ni dai na fi zargin wanda ke bin ƙwan kyankyaso, wato Evania appendigaster. Baƙi ne wuluk, idonsa shuɗi, ƙafafunsa na baya dogaye kamar na gyare, cikinsa ɗan ƙarami a matse ta gefe, yana ta ɗaga shi yana saukewa kamar tuta. Macen tana saka ƙwai ɗaya tak a cikin kwanson ƙwan kyankyaso, tsutsarta ta cinye ƙwayayen da ke ciki, alhali kwanso ɗaya na babban jan kyankyaso yakan ɗauki ƙwai 14 zuwa 16. Ba ya harbin mutum. Ki duba bayan firij da ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Amsa ta uku:

Malam, bayaninka a kan Evania daidai ne, amma girman bai zo ɗaya ba. Evania ya haura milimita 5, in ka haɗa da ƙafafu sai ka ɗauka gizo-gizo ne, kuma ɗaya ko biyu ake gani, tunda kwanso ɗaya zanzaro ɗaya yake bayarwa. Ita kuwa ta ce rabin ƙwayar shinkafa, guda 17 a safiya ɗaya, kuma suna tsalle. Wannan ba shi ba ne.

Sai dai kada a cire kyankyaso daga lissafi gaba ɗaya. Akwai wani ƙarami, Aprostocetus hagenowii, wajen milimita 2, shi ma ƙwan kyankyaso yake bi, kuma gommai ne ke fitowa daga kwanso ɗaya. Shi zai iya cika taga a rana guda.

'Yar'uwa, ga waɗanda aka fi samu a cikin gida, ki riƙa gwada naki da su idan kin auna.

In ya kai milimita 2 zuwa 3, baƙi mai ɗan ƙyallin kore ko ruwan tagulla idan haske ya doke shi, eriyarsa a karye kamar gwiwar hannu, fiffikensa garau kusan babu jijiya sai guda ɗaya a bakin gaba, to dangin Pteromalidae ne. Waɗannan ƙwarin hatsi da na wake suke bi, masu ɓoyewa a cikin ƙwaya. Su ne kuma suka fi yin tsallen da kika ambata.

In ya kai milimita 2 zuwa 4, launinsa tsakanin rawaya da ƙasa-ƙasa mai duhu, eriyarsa doguwa miƙaƙƙiya mai gaɓoɓi da yawa, fiffikensa da jijiyoyi masu zana 'yan ɗakuna da baƙin ɗigo a bakin gaba, to Habrobracon hebetor ne daga dangin Braconidae. Shi tsutsar asun gari da na busassun 'ya'yan itatuwa yake bi. Alamarsa a cikin kaya ita ce matacciyar tsutsa da 'yan fararen kwansuna na siliki a gefenta.

In ya kai milimita 6 ko 7, siriri, cikinsa da ja-ja, da wani abu kamar allura a bayansa, wannan Venturia canescens ne, shi ma asun gari yake nema. Allurar nan mutane ke gani su firgita, alhali bututun saka ƙwai ne.

Na ƙarshe shi ne wanda nake so ki kula da shi sosai, dangin Bethylidae. Jikinsu a baje yake, kansu dogo ne a miƙe gaba, ƙafafunsu gajeru, sau da yawa macen ba ta da fiffike sam, sai ki rantse tururuwa ce. Su ne kaɗai a cikin jerin nan da aka san suna harbin mutum har ya ji a jikinsa. Sclerodermus yana bin tsutsar ƙwaron da ke huda katako, Cephalonomia yana bin ƙananan ƙwarin busasshen kaya. Tunda naki suna da fiffike kuma suna taruwa a taga suna tsalle, ban fi zargin su ba, amma hoton fuska da na gefe ne za su tabbatar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda kuka ce. Na kama shida, sun kwana a firiza. A kan rula huɗu sun kai milimita 2 da rabi, biyu kuma ba su kai 2 ba sosai. Fukafukai huɗu ne, na ga ƙananan a ƙasa. Babu ƙullutu a ƙugu. Da na karkata takardar wajen haske sai na ga baƙin yana ƙyalli kore-kore. Eriyar a karye take, tana da ɗan kauri wajen ƙarshe. Fiffiken kamar leda yake, ban ga jijiya ba sai ɗaya a gefe mai ɗan reshe. Manyan cikinsu da tsini a ƙarshe, ƙananan kuwa cikinsu gajere ne da ɗan haske a tsakiya. Na leƙa bayan firij ban ga kwanson kyankyaso ba.

Amsa ta uku, ƙari:

Madalla, wannan bayani ya wadatar. Ƙyallin kore, karyayyar eriya da fiffike mai jijiya ɗaya sun kai mu babban rukunin da masana ke kira Chalcidoidea, kuma a cikinsa na fi karkata ga Pteromalidae. Manyan masu tsinin ciki mata ne, ƙananan maza. Bambancin girman ba abin mamaki ba ne: macen da aka yi barbara da ita tana iya zaɓar ta haɗa ƙwai da maniyyi ya zama mace, ko ta bar shi haka nan ya zama namiji, kuma takan ajiye 'ya'ya mata a kan manyan tsutsotsi, maza a kan ƙanana.

In kina son ki cire na kyankyaso kwata-kwata, akwai gwaji ɗaya, sai dai yana buƙatar gilashi mai ƙarfi, ninki 20 zuwa sama. Ki ƙirga 'yan gaɓoɓin ƙarshen ƙafa. Biyar, Pteromalidae ne. Huɗu, dangin Eulophidae ne, wanda Aprostocetus ke ciki. In ba ki da gilashin kada ki wahalar da kanki, gano mai masaukin zai ba ki amsa iri ɗaya.

Maganar harbi: wannan ba ya harbin yara, ba ya cizo, ba ya ɗaukar cuta, ba ya gina gida, ba ya da sarauniyar da zai kare. Bututun macen an yi shi ne don huda ɓawon ƙwaya. Ba ya kuma cin hatsinki. Abin da ke cin hatsin shi ne yake ci.

Amsa ta huɗu:

Hajiya, yanzu aikin ya koma neman inda suke fitowa, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. Ana ganin su a taga sai a yi ta feshin taga da labule. Ba daga waje suke shigowa ba, haske ne ke jan su, fita suke nema. Taga wurin taruwarsu ce kawai.

Mataki na farko, ki gano ɗakin. Da dare ki share duk tagogin gidan tas, ki rufe ƙofofin da ke tsakanin ɗakuna, ki cusa tsumma a ƙasan kowace ƙofa. Da safe ki ƙirga na kowace taga ki rubuta. Ki yi haka kwana uku. Ɗakin da ya fi yawa, a nan gidansu yake. In sito ba shi da taga, ki buɗe ƙofarsa kaɗai wata rana ki ga ko adadin na kicin ya ƙaru.

Mataki na biyu, ki fito da duk busasshen kaya ki duba ɗaya bayan ɗaya, a kan farin faranti, a wuri mai haske. Kada ki tsaya ga wanda ake ɗiba kullum, shi ba ya daɗewa har ƙwari su yi yawa. Wanda aka manta da shi ne ke kawo wannan: ragowar leda a ƙuryar kabad, irin shuka da aka ajiye, abincin tsuntsu ko na kaji, ƙwayoyin da suka zube bayan buhu ko cikin tsagar katako, kayan ado da aka cika da ƙwaya, har da abin wasan yara mai hatsi a ciki.

Abin da za ki nema ya danganta da kayan. A wake da danginsa, ki duba 'yan fararen ɗigo manne a ɓawo, waɗanda ba su kai milimita 1 ba, ƙwan ƙwaron wake ke nan. Ki duba ramuka zagayayyu sumul, wajen milimita 2, kamar an huda da injin. Akwai kuma wata alama da ba kowa ya sani ba: wani ɗan da'ira mai duhu a ƙarƙashin ɓawo, ɓawon ya yi siriri kamar ana hango ciki. Tsutsar ce ta ci har ta iso ɓawo ta bar wa kanta ƙofa, tana nan ciki ba ta fito ba. A masara, alkama, dawa ko shinkafa kuwa, ki nemi ƙwaro mai dogon baki kamar hanci, da garin da ke taruwa a gindin leda, da rami mai gefe kaca-kaca.

Ga abin da zai tabbatar miki da zanzaron: a tsakanin manyan ramukan za ki ga wasu ƙanana, wajen rabin faɗinsu ko ƙasa da haka, gefensu ba sumul ba don da baki aka tauna su. Ta nan zanzaron ya fito. Ki jiƙa ƙwaya goma masu irin wannan rami na awa ɗaya, ki tsaga su da reza. Za ki tarar da busasshiyar fatar tsutsar da aka tsotse, a wasu ma ki ga 'yar farar tsutsar zanzaron kwance a jikin babbar.

Yadda abin ke faruwa: macen tana yawo a kan ƙwaya tana ƙwanƙwasa ta da eriya har ta ji inda tsutsa take. Sai ta kafa bututunta ta huda, ta sa wa tsutsar dafin da zai shanye mata jiki, ta ajiye ƙwai ɗaya a kanta. A yanayin zafi, wajen digiri 30, daga ƙwai zuwa fitowar babba kusan mako biyu ne. Shi kuwa ƙwaron wake yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu, na hatsi mako huɗu zuwa biyar. Ki lura da wannan lissafi, domin yana gaya miki wani abu: kafin zanzaro ya yi yawan da za ki ƙirga 17 a taga, ƙwaron da yake ci ya riga ya yi zuriya biyu ko uku. Ki nemi kayan da ya yi wata biyu zuwa sama a ajiye.

In kin duba da ido ba ki ga komai ba, ki yi gwajin kwalba. Ki ɗebi cikin hannu biyu daga kowane kaya, daga ƙasan mazubin ba daga sama ba, ki zuba a kwalba daban-daban. Ki rufe bakin kowacce da ƙyalle mai matsattsen saƙa, ki ɗaure da roba. Gidan sauro ba zai yi ba, idonsa ya yi musu faɗi, za su bi ta ciki su fice. Kada kuma ki rufe da murfi gam, gumi zai taru kayan ya yi fumfuna. Ki rubuta sunan kaya da kwanan wata a jiki, ki ajiye a inuwa, ki riƙa dubawa kullum har mako uku. Kwalbar da kika ga suna hawa bangonta, ita ce amsarki.

Amsa ta biyar:

Ƙarin abu ɗaya, ko da kicin ya fita tas. Akwai 'yan rukunin nan na Chalcidoidea da ke bin kwanson da tsutsar ƙuda ke shiga kafin ta zama ƙuda, irin su Nasonia vitripennis da Spalangia. In ɓera ko tsuntsu ya mutu a cikin silin ko bayan bango, manyan ƙudaje kore da shuɗi za su fara bayyana, bayan mako biyu ko uku sai 'yan zanzaron su biyo baya. Don haka ki tuna ko an yi wani wari ko yawan manyan ƙudaje a kwanakin baya. Haka nan in akwai tukwanen fure a ciki, ki juya ganyen ki duba ƙasansa. In kika ga 'yan ƙwarin da ke tsotsar ganye sun kumbura sun bushe sun koma ruwan ƙasa kamar takarda, wasu da rami a baya, to daga nan wani ƙaramin zanzaron yake fitowa. Sai dai shi eriyarsa doguwa ce miƙaƙƙiya, ba irin naki ba.

Mai tambaya:

Alhamdulillahi, an gano. Tagar kicin ce ta fi yawa duk kwana ukun. Da na fito da kayan kabad na ƙasa sai na tarar da wata ledar wake a can ƙurya, ta fi wata huɗu, na manta da ita. Ina buɗewa ƙwari suka watse, iri biyu: masu ƙiba ruwan ƙasa da ɗigo a baya, da kuma 'yan baƙaƙen nan. Ramukan iri biyu ne kamar yadda aka ce, manya da ƙanana. To yanzu mene ne sunansa takamaimai? Kuma tunda yana kashe ƙwaron, in bar shi ya gama aikinsa? Sauran kayan da ke kabad ɗin fa?

Amsa ta ɗaya, ƙari:

Masu ƙibar nan ƙwaron wake ne, Callosobruchus. Zanzaron da aka fi samu tare da shi shi ne Dinarmus basalis, sai kuma Anisopteromalus calandrae, wanda ke bin ƙwaron wake da na hatsi duka. Su biyun a ido kusan ɗaya suke. Ana raba su ne a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, ta duba ƙananan siffofin jikinsu kamar zanen bayan ƙirji. Duk wanda ya ba ki sunan jinsi da tabbaci daga hoton waya, ki ɗauka hasashe ne. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne Pteromalidae mai bin ƙwaron wake, kuma wannan ya ishe ki yanke shawara.

In kina son sunan har ƙarshe, ki zuba guda goma, maza da mata, a ƙaramar kwalba mai sifirit kashi 70 cikin ɗari, ya rufe su sosai. Ki rubuta kwanan wata, wuri, da kayan da suka fito daga ciki a 'yar takarda da fensir, ki jefa cikin kwalbar, domin tawadar biro tana narkewa a sifirit. Ki haɗa da ƙwaron waken biyu ko uku. Kada ki manna su da salatif, yana lalata eriya da fiffike, su ne kuma abin da ake dubawa. Kada ki bar su a bushe a leda, kansu yakan lotsa. Sashen nazarin ƙwari na jami'a ko cibiyar binciken noma za su iya dubawa. Hotunan kuma kina iya ɗora su a iNaturalist, wani shafin intanet na gano sunayen halittu, a can akan kai ki ga dangi, wani lokaci har ƙasa da haka.

Amsa ta huɗu, ƙari:

A'a Hajiya, kada ki bar masa aikin. Yana rage ƙwaron, wani lokaci sosai, shi ya sa ake kiwon wasu daga cikinsu ana sakewa a rumbunan ajiya. Amma ba ya ƙarar da shi. Yana kai hari ne ga tsutsar da ta riga ta girma, wato bayan ta gama cin rabin ƙwayar, kuma bututunsa ba ya isa ga kowacce. Ɓarnar za ta ci gaba, ƙwaron kuma ya bazu zuwa wani kayan.

Ledar da ta lalace, ki zura ta cikin wata ledar tun a cikin kabad ɗin, ki ɗaure, sannan ki ɗago ta. In kika ɗauko ta a buɗe za ki watsa ƙwari a hanya. Ki sa ta a firiza kafin ki zubar, ko ki fitar da ita nesa da gida a ranar. Barinta a kwandon sharar kicin daidai yake da ba ki cire ta ba.

Sauran kayan, ƙwaron wake a kan wake da danginsa kawai yake hayayyafa, ba ya rayuwa a shinkafa ko gari, don haka su za ki fi sa wa ido. Duk da haka ki duba komai, domin kabad ɗin da ya ɓoye iri ɗaya yana iya ɓoye wani. Wanda bai nuna rami ba amma yana kusa, ki raba shi ƙulli-ƙulli, kowanne bai fi kilo 1 ko 2 ba, ki matse iska ki ɗaure, ki sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri har kwana 7. Dalilin ƙananan ƙulli shi ne sanyi yana daɗewa kafin ya isa tsakiyar babban buhu, na tsakiya su rayu. Dalilin kwana 7 kuma shi ne ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwaya sun fi manyan jure sanyi. In wuta ta ɗauke kayan ya saki, ki sake ƙirgawa daga farko. Da kin fito da shi kada ki kwance sai ya huce ya dawo daidai da zafin ɗaki, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kan ƙwayar ta jiƙe.

In babu firiza, zafi ma yana yi. Ki baza shi a tire, kaurinsa bai wuce santimita 2 ba, a tanda mai zafin digiri 60 na awa ɗaya. Ko ki baza shi a kan baƙar leda a rana mai ƙarfi, ki lulluɓe da farar leda mai shara-shara, ki naɗe gefunan, ya yi awa biyu zuwa uku da tsakar rana. Shanya a fili babu lulluɓi manyan kawai take kora, na cikin ƙwaya suna nan. In irin shuka ne kada ki sa a tanda, zafin yana iya kashe tsironsa.

Kabad ɗin ki kwashe komai, ki bi kusurwoyi da tsagogi da ramukan sukurori da burushi ko injin zuƙar ƙura, ki zubar da sharar a waje nan take. Ki wanke da ruwan sabulu mai zafi, ya bushe sarai kafin ki mayar da kaya. Daga nan sai mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, gilashi ko ƙarfe ko roba mai kauri, a cika shi har baki. Siririyar leda ƙwaron yana huda ta.

Gargaɗi ɗaya da ba na so ya wuce ki: kada wani ya ba ki ƙwayar nan mai fitar da iskar fosfin, wadda ake sa wa a manyan rumbuna, ya ce ki jefa a kabad. Iskarta tana bin tsaga ta shiga ɗakunan kwana, tana kashe mutane, yara kuma su ne kan gaba. Ba a amfani da ita a gidan da ake kwana. Haka kuma kada a yayyafa maganin ƙwari na ruwa a kan abin da za a ci. A wannan matsalar feshi ba shi da aikin yi ma, tunda ba ya shiga cikin ƙwaya.

Amsa ta uku, ƙari:

Ki sa ran ci gaba da ganin ɗaya-ɗaya a taga har mako biyu ko uku, waɗanda suka riga suka fito ne da na ƙwayoyin da suka faɗa tsaga. Ki share su da jiƙaƙƙen tsumma ko ki buɗe musu taga. Ki ci gaba da ƙirgawa kowace safiya kina rubutawa. In adadin yana sauka har ya kai babu, shi ke nan. In ya tsaya cak ko ya sake hawa bayan mako uku, akwai wani wurin da ba ki gano ba, sai ki koma gwajin rufe ƙofofi da na kwalba.

In kuma wata rana wani a gidan ya tashi da ƙuraje masu zafi da ƙaiƙayi, kika ga wani siririn ƙwaro mai kama da tururuwa, marar ƙullutu a ƙugu, a kan gado ko kujera, wannan wani ne daban, Bethylidae ɗin da na ambata. Ki wanke wurin da sabulu, ki ɗora ƙyalle mai sanyi na minti 10 zuwa 15. In leɓe ko fuska suka kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Sannan ki duba ƙasan kayan katako ki nemi 'yan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da garin katako a ƙarƙashinsu, domin shi a can mai masaukinsa yake.